Na Ce wa Iya Kwana Biyu Za Ta Yi

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa wahalar da ta sha ta zame mata kaffara. Wata huɗu ke nan da muka kai ta makwancinta, kuma tun daga zaman makoki mutane suke yaba mini, wai na riƙe uwa. Duk wanda ya faɗa sai in sunkuyar da kai, su ɗauka tawali'u ne, alhali kunya ce take cina. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don wanda tsohuwarsa ko tsohonsa ya fara mantuwa kada ya bi hanyar da na bi.

Sunana Habibu. A Sabon Garin Wudil nake zaune, aikina ajiye fayil a wani ofis na jami'ar garin nan. Ni ne ɗan farin Iya, ita kuwa irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Na haura hamsin ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In muna tare "kai" ne, in ba na nan "wancan" ne, da na yi aure na samu ƙarin girma na koma "mai gidan nan". Ko wani Habibun daban za ta ambata sai ta ce "mai sunan wancan". Ƙanwata Talatu, wadda ke aure a Utai, takan tsokane ta ta ce ta faɗi sunan sau ɗaya tak a saya mata goro, ita kuwa sai ta wurga mata mafici.

Tun rasuwar mahaifinmu Iya take gidana, a ɗakin da ke fuskantar bishiyar darbejiya. Sana'arta ɗinkin hula. Da hantsi za ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta ɗauko ƙyalle da zare, ba ta tashi sai kiran azahar. Shekara goma sha ɗaya haka take, har kaji sun san wurin zamanta.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa da muka riƙa yi wa dariya. Ta yi sallar azahar, a jima ta sake alwala ta ce ba ta yi ba. 'Yata Zulai ta gaishe ta da safe, kafin a sha koko ta ce yarinyar nan ta daina gaisuwa. Allurarta ta ɓata, ta ce matata Rakiya ce ta ɗauka, aka same ta a soke a gefen ɗankwalin da ke kan Iya. Abin da ya ruɗe mu shi ne tsohon zance bai gushe mata ba. Za ta lissafa maka ƙawayenta na ƙuruciya a Utai har da sunayen iyayensu, amma ka tambaye ta me ta karya da shi, sai ta dube ka kamar ka yi mata rashin kunya.

Masu shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani kawunmu ya ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Maƙwabciyarmu ta ce zabibi da zuma kullum da safe. Ni da nake taƙamar ina aiki cikin masu boko, da ƙafata na je kasuwar Juma'a na tsaya gaban wani mai magani da lasifika, na sayo garin da ya rantse yana wanke ƙwaƙwalwa. Cikinta kawai ya wanke, kwana biyu tana zarya. Asibiti kuwa ban kai ta ba. Na ce tsufa ne, me likita zai yi wa tsufa?

Ana cikin haka wani malamin jami'a, matashi mai suna Nuhu, mutumin wajen Gombe, ya fito neman Zulai. Yaro mai hankali, ita ma tana so, ni ma raina ya kwanta. Aka ce manyansa za su zo, kuma kowa ya san kafin su zo sai sun turo an yi bincike a unguwa. Su tambayi asali, su tambayi hali, sannan a rage murya a tambayi abu na uku: ko akwai wani ciwo da ke bin jinin gidan.

A makon nan ne Iya ta fita ba mayafi. Da rana tsaka ta bi titi har wajen masu sayar da kifi, tana tambayar ko sun ga mijinta, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Wata mai kifi ce ta gane ta, ta yafa mata zaninta ta rako ta gida, mutane na kallo. Da yamma a majalisa wani dattijo ya jajanta mini, ya ƙare da cewa Allah Ya sa dai ba a jini abin yake ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta shige ni kamar ƙaya. Nan take na tuna yayar Iya, wadda ita ma ta ruɗe a ƙarshen rayuwarta. Na ce shi ke nan, biyu a ɗaki ɗaya, za a ce gidanmu gidan taɓin hankali ne, auren 'yata ya lalace.

Na yanke shawarar kai ta Utai wajen Talatu har a gama bincike. Rakiya ta hana ni. Ta ce tsohuwar nan da ɗakinta take gane duniya, kuma ai Zulai ta riga ta faɗa wa yaron halin da kakarta ke ciki, bai ce komai ba sai addu'a. Na hau ta da faɗa. Na ce son yaro daban, binciken manya daban, mata ba su san yadda ake ɓata gida da baki ba. Zulai ba za ta iya yi mini maganar aurenta ba, sai ta shige ɗaki tana kuka. Ni kuwa a lokacin gani nake ni kaɗai ne mai hangen nesa a gidan.

Da safe na durƙusa bakin ƙofar Iya na ce ta shirya, za ta je ta ga Talatu. Ta ce ita ba ta da niyyar tafiya, tana da aiki a hannu.

"Kwana biyu kawai za ki yi, Iya," na ce. "Ni da kaina zan zo in ɗauke ki."

Ba ta ƙara musu ba. Ta ɗaure zani biyu da carbi da hular da take kan ɗinkawa a cikin wani tsohon ɗankwali, ta rungume ƙunshin a cinya har Utai. Da zan juyo ta ce wa Talatu, ba ni ba, a faɗa wa wancan kada ya yi yamma ranar da zai zo, hanya ba kyau.

A makon farko Talatu ta bugo waya ta ce Iya ta ƙi kwance ƙunshinta. Kullum da hantsi sai ta ɗauka ta zauna a zaure tana kallon hanya, duk babur ɗin da ya wuce sai ta miƙe. Na ce ta lallaɓa ta, ina tafe. A mako na biyu ta ce abinci sai an ba ta a baki, kuma ta fara kiran Talatu da sunan waccan yayar tata da ta rasu. Na aika da madara da sabulu, na ji kamar na sauke nauyi. A na uku dangin mijin Talatu suka kawo mai hayaƙi, aka turara ta har ta kwana uku tana tari. Sau ɗaya na je a duk tsawon nan, kuma wallahi ban shiga ba. A bakin kasuwar garin na tsaya na kira Talatu ta fito, don na san in Iya ta gan ni za ta ɗauko ƙunshinta.

A mako na huɗu manyan Nuhu suka zo, har da wata gwaggonsa, dattijuwa mai fara'a. Bayan an gaisa ta shiga cikin gida, ta ce a kai ta ta gaida kakar amarya. Ina daga tsakar gida na riga Rakiya magana, na ce ai ta je ganin gida, lafiyarta ƙalau. Matar ta dube ni, ta ce to Allah Ya dawo da ita lafiya. Ta bar wani ƙullin leda ta ce a ajiye mata. Ranar har na yi wa Rakiya gori, na ce ta ga amfanin dabara.

An sa rana, amma ban je na ɗauko ta ba. Na ce bari a kawo lefe tukuna, mata za su cika gida. Haka kwana biyu suka zama mako bakwai.

Ranar wata Talata ina ofis Talatu ta kira tana kuka. Iya ta fice tun da sassafe da ƙunshinta, lokacin ana ta hidimar kai abinci gona. Sai bayan la'asar wani manomi ya tsince ta a kwance cikin dawa, ta nufo hanyar Wudil, ƙafarta ta kumbura, leɓɓanta sun bushe, jiki zafi rau. Muka kawo ta asibiti a nan gari aka yi mata ƙarin ruwa kwana uku. Ma'aikaciyar jinyar da ta kula da ita, Allah Ya saka mata, ita ce ta ja ni gefe ta ce zazzaɓin zai sauka, amma mantuwar nan ta fi ƙarfinsu, ta sa aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano.

Wanda bai yi layin asibitin nan ba kada ya ce ya san haƙuri. Muna idar da asuba muka tsallaka gadar Wudil, ni da Zulai da Iya a bayan mota, amma muka tarar da benci ya cika. Layin kati daban, layin awon jini daban, wani ya tura ka wajen wani, mai ba da katin yana danna waya kamar ba mutane ne a gabansa ba. Zuwanmu na farko ba mu ga likita ba, aka ce mu dawo wani mako. Na biyu aka ce a yi hoton kai. Kuɗin mota da na gwaji suka cinye abin da na tanada na gyaran gida don biki, ba ni kuma da bakin ƙorafi, tunda da na kawo ta da wuri da ba a kai ga haka ba. Duk tsawon nan Iya tana kwance a asibitin Wudil saboda ƙafar, daga can muke ɗaukarta. Sai a zuwa na uku muka shiga.

Likitar mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da gaggawa. Ta gaida Iya kamar uwarta, ta tambaye ta wace rana ce, ta faɗa mata abubuwa uku ta ce ta riƙe, a jima ta tambaya, ko ɗaya bai zauna ba. Ta nemi ganin abin da ke cikin ƙunshin, Iya ta zaro mata hular kawai ta mayar da ƙullin. Da likitar ta juyo ta ce ko ina da tambaya, ga abin da ya fito daga bakina, kuma har in mutu ba zan daina jin kunyarsa ba. Ban tambayi ko za ta warke ba. Cewa na yi, "Likita, wannan ciwon yana bin jini?"

Ta ajiye biro. Ta ce akwai irin da ake gada kai tsaye, amma ba shi da yawa, kuma yakan kama mutum tun da sauran ƙarfinsa. Na Iya da tsufa ya zo. In akwai shi a dangi haɗarin yakan ɗan ƙaru, amma ba hukunci ba ne a kan kowa, kuma ba hauka ba ne. Sai ta ɗauki ƙyallen hular ta warware shi a kan tebur.

Ta ce in duba, zanen yana nan tun daga farko har ƙarshe, amma mai ɗinki ba ta buɗe shi duka, naɗewa take yi ta bar wurin da za ta yi aiki kawai. Ta ce abin da muke gada daga iyaye, wanda suke kira ƙwayoyin gado, haka yake a jikinmu: rubutu ne a naɗe, jiki yana buɗe wani wuri ya rufe wani gwargwadon buƙata. Duk lokacin da mutum zai riƙe sabon abu, sai ƙwaƙwalwa ta yi maza ta buɗe wasu wurare ta yi aiki da su, sannan abin ya zauna. Da shekaru suka ja, wannan buɗewa da rufewa yakan rikice. Wurin da ake so ya buɗu ya yi nauyi, wani da ya kamata ya zauna a rufe, kamar mai jawo kumburi, ya ƙi rufuwa. Ta ce yana daga cikin dalilan da ake ganin sabon abu yake wuyar zama, alhali tsohon ɗinki yana nan daram.

"Sau da yawa zanen lafiyarsa lau, Malam," ta ce. "Hannun da ke buɗe shi ne ya tsufa."

Ba ta cika mini baki ba. Ta ce wannan ɓangare ɗaya ne na lamarin, ciwon Iya ya wuce mantuwar tsufa ta kowa da kowa, kuma yawancin abin da aka gano a kan dabbobi aka gwada, masana suna kan bincike. Babu allura ko ƙwayar da za ta mayar da naɗin yadda yake. Abin da ke hannunmu shi ne barci mai kyau, ɗan tattaki, kula da hawan jininta, hira da mutanen da ta saba, da barinta a wurin da ta sani. A nan ta tambayi yaushe aka raba ta da ɗakinta, kuma me ya sa.

Na fara kame-kame, wai canjin iska. Zulai, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, tana tsugune tana gyara wa kakarta takalmi, ta ce a hankali, "Saboda aurena ne, likita." Likitar ta ɗauki bironta ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka dawo da Iya gida. Rakiya ta share ɗakin, ta shimfiɗa tabarmar a inda take, ta jera kwanukanta yadda ta bar su. Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama, ta jira a ba ta izini. Ta shiga ta zauna a gefen gado a ɗarare irin zaman baƙo, ƙunshinta a cinya. Ta yi wa Rakiya godiyar masauki, ta ce ba za ta daɗe ba, za a zo ɗaukarta.

A ranar ne Rakiya ta ɗauko ledar da gwaggon Nuhu ta bari. Zani ne mai taushi da man shafawa da turare. Da matar ta dawo kawo lefe, ta wuce kai tsaye ɗakin Iya ta zauna da ita kusan awa guda, tana biye mata duk inda zance ya nufa. Da ta fito ta ce wa Rakiya, ina ji, ita ma shekara shida ta yi jinyar mahaifiyarta a kan irin wannan. Ta ce tun kafin su taso daga gida Nuhu ya faɗa musu, kuma abin da ya ƙara kwantar musu da rai shi ne an ce gidan suna riƙe da tsohuwarsu. Na shige banɗaki na tsaya, don ba ni da fuskar da zan fito da ita.

Wata tara muka yi muna jinya bayan nan. Mun bi maganar likita gwargwadon iko. Ƙwayar hawan jini da safe, zagaya tsakar gida sau uku tana riƙe da hannun Rakiya, wanka da abinci a kan lokaci ɗaya kullum. Ta ɗan yi ƙiba, tarin ya tafi, wani lokaci har ta karɓi allura ta yi ɗinki biyu uku. Duk wata muna komawa Kano mu sha layi. Rakiya, wadda aka yi wa ƙazafin satar allura, ita ta yi wanki da goge-goge ba ta taɓa ɓata fuska ba. Talatu ta riƙa zuwa duk Juma'a tana neman gafara a kan laifin da ba nata ba. An yi bikin Zulai lafiya, Iya tana zaune cikin mata da sabon zani, ƙunshinta a ƙarƙashin hannu. Ko wanka za a yi mata sai an ajiye shi inda idonta zai kai.

Ni kuwa na mayar da hantsin Asabar da Lahadi na zama kusa da tabarmarta. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma gane ni ba. Wata Asabar, kimanin mako uku kafin rasuwarta, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gida da iyali, sannan ta matso.

"Malam, daga Wudil kake?"

Na ce daga can nake, Iya.

"To ka san Habibu? Ɗana ne, shi ne na fari."

Shekara hamsin da wani abu ina jiran in ji yadda sunan nan zai fito daga bakinta. Ta faɗe shi a sake, har da ɗan murmushi, kamar ta daɗe tana faɗarsa a ciki. Na ce Iya ni ne, ni ne Habibu, ga ni, gida kike. Ta dube ni da tausayi ta ce Allah Ya yi mini albarka, ina da kirki.

"In ka koma ka ce masa na shirya. Ya ce kwana biyu. Kada ka yi masa faɗa, na san aiki ne ya riƙe shi."

Na ce zan faɗa masa.

Ku da kuke da tsofaffi, in mantuwa ta fara ku kai su asibiti da wuri, ku bar su a ɗakinsu, ku ƙyale mutane su faɗi abin da za su faɗa. Na koma wajen likitar bayan rasuwar don in yi mata godiya, ta ce kada in kashe kaina da zargi, ko ban kai Iya Utai ba ciwon zai ci gaba da tafiyarsa. Na yarda da ita, ta fi ni sani. Amma ciwon bai yi wa Iya alkawarin kwana biyu ba, ni na yi. Ƙunshin yana nan a gefen gadonta yadda ta ɗaure shi, Rakiya ta tambaye ni sau biyu ko a kwance, na ce a bari tukuna. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Iya addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.